Ranar da Na Je Korar Aku

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina ba da hayar gidan da mahaifinmu ya bar mini a Daura, ban da ranar da na je korar aku.

Wani dattijo ne, tsohon malamin firamare daga Mashi, ya kama ɗaki ɗaya. Na tambaye shi ko yana da dabba, don ni awakin 'yan haya sun gama da katangata. Ya ce tsuntsu ne kawai a keji. Na ce a raina, tsuntsu me zai ɓata?

Ashe aku ne, kuma ya iya sallama da muryar namiji. Matan gidan suna tsakar gida suna wanki, sai su ji "Salamu alaikum!" Kowacce ta zabura neman mayafi, a leƙa zaure, ba kowa. Rannan wata garin sauri ta yi tuntuɓe da tukunyar miya, ta ƙone a ƙafa. Mazajensu suka same ni: ko aku ya bar gidan, ko su kwashe iyalansu. Gaskiyarsu kuwa.

Na tafi da zafina, ko zama ban yi ba.

"Malam, ka yi haƙuri, ko tsuntsun nan ko ɗakin."

Bai kai ga amsawa ba sai na ji muryar mace daga ciki, a hankali: "Malam, ka sha maganinka?"

Na ce, "Au, baƙuwa ka yi?"

"Muryar mai ɗakina ce," in ji shi. "Bara waccan Allah Ya yi mata rasuwa. A bakin akun nan kaɗai muryarta ta rage."

Tausayinsa ya kama ni. Amma ƙafar waccan baiwar Allah da ta ƙone ma ƙafa ce. Washegari na sa aka kwashe buhunan gero daga shagon ƙofar gida, wanda tagarsa ke kallon titi, na mayar da Malam can. Aku ya koma yi wa masu babur sallama, su kuma suna amsawa.

Tun daga nan na gane cewa dole mai gidan haya ya kare mutanen gidansa, amma kafin ya nuna wa dabba ƙofa, ya fara jin matsayinta a wurin mai ita.

Da Malam ya rasu, 'ya'yansa suka bar mini kejin. Har yau kullum da safe sai akun ya tambaya ko Malam ya sha maganinsa, ni kuma in ce masa, "Ya sha."