Pil Shida a Gindin Randa

Shekarar da agana ta shigo Dakoro, tutar ƙasa ba ta daɗe da hawa sanda ba. Ni lokacin tela ne a bakin kasuwa, kuma ba yabon kai ba, ni ne dariyar unguwarmu. Mutum ya kawo ɗinkin wando, ya koma da ciwon haƙarƙari. Akwai wani mai raƙumi daga Azagor da na ba labari da hantsi, aka ce har ya isa gida yana ƙyaƙyatawa, raƙumin na taya shi.

Sai mai shela ya zagaya da ganga. Kumandan mai mulkin gari ya ce a tashi kasuwa, ba biki, ba dubiya, ba zaman gindin itace, kowa ya tsaya gidansa har masu lamba, wato masu rigakafi, su iso daga Maraɗi. Na ɗauko kekena na kafa shi a rumfar tsakar gida. Tela ba kasuwa, da sauƙi. Mai ban dariya ba jama'a, wannan shi ne maraya.

Maƙwabcina Alhaji, mai fataucin hatsi, shi kaɗai ke da radiyo a unguwar. Darnin kara ne tsakaninmu. Da aka hana taro, sai ya riƙa ɗora ta bisa rumbu kowace la'asar, ya murɗa ta har ƙarshe, kowa na saurare daga gidansa. Labaran duniya ban damu ba. Masu goge da kalangu, Allah ya ƙara basira. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wasan ran Juma'a, na wani mutum da jakinsa mai gardama. Mutum guda ne ke yin muryar mai jakin, ya yi ta jakin, ya yi ta duk wanda suka gamu da shi a hanya. Da ya buɗe baki sai dariya ta kama gida gida kamar wuta a busasshen kara. Ina zaune ina gane muryoyin masu dariyar ɗaya ɗaya. Mutanena ne, ni na raini dariyarsu.

Duk wannan da na haɗiye, ba don mai ɗakina ba. Shekara shida ina zuba mata labari, tana ba ni murmushi kamar mai biyan haraji. Amma jakin nan na yin kuka sai ta saki taɓarya ta riƙe ciki.

Na ce, "Mi ya faɗa haka, har kika bar kaji suka shiga turmi?"

Ta ce, "Ba ka ji ba? Jakin ya ƙi ƙetare gulbi sai an yi mashi kirarin kakansa."

"Wannan ai ni na fara faɗinsa, tun mutumin radiyon na tsumman goyo."

"To, Malam, naka jakin bai yi kuka ba."

Ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Motar Maraɗi ta daina zuwa, pil ɗin radiyo, wato batura, suka fara sanyi. Dabarar da kowa ya sani ita ce a shanya su a rana bisa kwano, su sha zafi, su ɗan farfaɗo. A unguwar kaf, rumfar kekena ce kaɗai ke da falle ɗaya na kwano. Gidan Alhaji kuwa ciwon ya shiga, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana kwance a bukka can bayan gida, saboda haka ba mai shiga ba mai fita. Sai ya ɗaura ludayi a kan doguwar gora, ya zuba pil shida, ya miƙo mini ta saman darni da safe.

"Tela, ga majinyata, a ba su rana."

Kwana uku ina ba su rana tsakani da Allah. Ran Alhamis na dube su a tafin hannuna, na ce ashe duk ƙarfin abokin gabana bai wuce waɗannan ba. Na kai su gindin randa, na binne su cikin jiƙaƙƙen rairayi. Juma'a ma can suka wuni. Da la'asar na share su da gefen riga, na ɗan ɗumama su a hammata, na mayar a ludayi.

Aka fara wasa. Jakin ya shiga kasuwa ke nan ya sa baki a buhun geron sarkin kasuwa, sai muryar ta fara ƙanƙancewa, kamar mutum na gangarawa rijiya, rijiyar kuma irin tamu ta Dakoro. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɓace. Unguwa ta yi tsit.

Na gyara murya, na ɗaga kai sama, na fara labarina mafi tsada, na baƙon da ya ci tuwon sadaka sau uku da hula uku. Na kai tsakiya, ba ko tari. Can wani daga gidan gabas ya ce, "Tela, ɗan yi shiru, ko ta dawo."

Jim kaɗan Alhaji ya matso jikin darni, ya yi ƙasa da murya.

"Tela, kana kusa? Inna ta juya ma bango fuska. Kwana tara ke nan ba ta karɓar kunu sai radiyo na magana, yau kuwa tun safe take jiran jakin nan. Kai ka iya muryoyi. Yi mata shi."

"Alhaji, ina da nawa labaran."

"Naka ta san su. Jakin take so. Kuma kar ta gane, in ta gane ba za ta sha ba."

Na dubi hannuna, rairayin randa na nan a farcena. Na ɗauko tulu marar ruwa don murya ta yi amo irin na akwatin, na durƙusa gindin darni, na kafa baki a ciki, na yi kukan jaki. Ban taɓa sanin akwai jaki irin wannan a cikina ba. Na sa shi ya cinye geron, ya ci igiyar buhun, aka kai shi gaban alƙali ya nemi a kawo shaidu daga cikin awaki. Dariya ta tashi daga gabas, ta kewaya ta yamma, har karnuka suka sa baki. Mai ɗakina ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, tana nuna ni da tulu. Shekara shida nake neman wannan dariyar, sai na same ta da muryar wani.

Alhaji ya ce a hankali, "Ta shanye ƙwarya guda."

Da na cire kai daga tulu, mai ɗakina ta share ido ta ce, "Malam, ɗazu na je ɗibar ruwa na ga ramuka shida gindin randa. Ko gara ce?"

Na ce gara ce. Ta ce, "To, a gaya ma garar gobe akwai rana."

Washegari tun hantsi na jera su bisa kwano, ina juya su kamar mai kilishi. Ta saman darni kuwa ba abin da ake yi sai yabon mutumin radiyo, wai jiya ya wuce kansa. Na buɗe baki, na tuna kunun Inna, na rufe.

Masu lamba suka iso, suka tsage mana damtse, kasuwa ta koma ci. Inna ta tashi da zanzana a fuska da bakinta garau. Har ta bar duniya, duk ranar da na fara labari a ƙofar gidansu sai ta ɗaga mini hannu.

"Tela, kana dai ƙoƙari. Amma da ka ji mutumin radiyo ran da jaki ya je gaban alƙali, da ka san akwai sauran koyo."

Ni kuwa in ce, "Na ji shi, Inna. Ba laifi."