Ƙafa ta Uku a Cinikin Dawar Maruta

Har gobe ban manta ranar da na kusa raba Malam Isa mai sito da aikinsa ba. Ku sababbin ɗauka ku saurara, don ba zan maimaita ba.

Kakar hatsi ta farko ce gare ni a reshenmu na Gwaram, inda muke sayen hatsi. Aikina shigar da ciniki a kwamfuta. A manhajar, kowane ciniki yana da kai, wato rana da sunan mai kaya, sai layuka a ƙasa, kowanne da asusunsa. Inda abu ya shiga shi ne debit, inda ya fito kiredit, kuma in ba su yi daidai ba sai ta ƙi adanawa. Baba Akanta, da ke zuwa daga babban ofis na Birnin Kudu duk Alhamis ya duba mu, ƙafafu yake kiran layukan nan.

Wani manomi daga Maruta ya kawo dawa buhu ashirin. Takarda ta nuna an biya shi kuɗin sha takwas. Manhaja ta ƙi. Na leƙa sito, sha takwas na ƙirga. Na tambayi Malam Isa, ya ce, "Mai kaya ya san inda suke." Iyakarta ke nan. Ni kuwa ba na jira. Na rubuta cewa buhu biyu sun ɓace a hannunsa. Manaja ya ce in Baba ya tabbatar, Malam Isa ya ajiye makulli.

Ran Alhamis Baba ya gyara tabarau ya duba.

"Rabi, ƙafa nawa kika ba cinikin nan?"

"Biyu mana, Baba. Kaya da kuɗi."

"Shi ya sa yake ɗingishi. Buhu ashirin, an cire biyu, kuma a kaka. Ke ba 'yar manomi ba ce?"

Sai na gane. Ɗaya cikin goma. Zakka.

Baba ya kira manomin a waya. Ashe amanar buhu biyun ya ba Malam Isa, ya kai wa wasu gidaje a ɓoye, kada kowa ya ji. Nan take Baba ya buɗe asusun amanar masu kaya, ya sa buhu biyun a ƙafa ta uku, sannan ya shigar da fitarsu. Manhaja ta karɓa.

A gurbin bayani na ce a sa sunayen waɗanda aka ba. Baba ya ce, "Rubuta 'bisa umarnin mai kaya'. Kwamfuta ba ta da buƙatar sanin gidan da babu abinci."

Na je sito ba da haƙuri. Malam Isa ya yi dariya. "'Yata, ko korata aka yi ba zan faɗa ba."

Saboda haka in ciniki ya ƙi daidaita, ku nemi ƙafar da ba ku sa ba kafin ku nemi ɓarawo. A aikin nan akwai mutanen da sun gwammace su rasa abincinsu da su tona asirin mabuƙaci.