Inna Ladi da igiyar fankon magani

Ina cikin cunkoson Upper Iweka a Onitsha da hantsi, da fasinja a bayan okadata, wato babur ɗina na haya, manyan motocin Arewa sun toshe hanya, sai wayata ta yi ƙara. Rabi ce, 'yar Inna Ladi. "Yaya Tukur, Inna ta cika," ta ce, ta kashe wayar. Na yi innalillahi, na ba fasinjan haƙuri na sauke shi a nan. Har yau ina mamakin kaina, domin wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne Isuhu, wani matashi mai ƙwadago a gonar shinkafa can ƙauyen bakin kogi, wanda jiya-jiya na kai wa maganin zazzaɓi da saƙon Inna. Na ce a raina, to yanzu wa zai sa yaron nan ya shanye shi?

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Onitsha ya san rumfar Inna Ladi mai kunun gyaɗa. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa yi wa kowa ƙaryar likitanci ba. In ka zo mata jikinka na rawa, asibiti za ta kora ka a gwada jininka. Amma da zarar an ce zazzaɓin cizon sauro ne aka ba ka katin magani, to ka shiga hannunta. Ƙwace katin take yi. Safe da yamma za ka zo ka zauna a kan benci, ta miƙa maka kunu mai zafi, tun da an ce maganin ya fi kama jiki in an sha shi da abu mai maiƙo, ta ɓallo ƙwayoyin ta zuba maka a tafin hannu, ta kafa maka ido har sai ta ga maƙogwaronka ya motsa. Na ga mahauta masu kayar da bijimi suna buɗe mata baki ta leƙa ƙarƙashin harshe.

Ta san halinmu ne. Mu 'yan ci-rani muna da wata ɗabi'a da muke ɗauka wayo ce. Mutum ya sha maganin ranar farko, ya yi gumi, ya ji jiki ya saki, sai ya koma bakin aiki ya cusa ragowar a aljihu. Wai ajiya ce don wani karon, ko ya ba abokin ɗaki, ko ya aika gida. Inna takan ce, "Sauƙi daban, warkewa daban. Zazzaɓin nan ba tafiya ya yi ba, laɓewa ya yi yana jiran ka juya baya." In ka rantse mata ka shanye, sai ta ce, "Ajiye rantsuwarka, ɗana. Fanko nake so."

Ba a banza ta zama haka ba. Ɗanta na fari, Bashir, dako yake yi a tasha. Zazzaɓi ya kama shi wata damina, ya fara shan magani, ya ji dama ya koma ɗaukar kaya. Da ciwon ya dawo, sai ya hau masa kai, a hanyar asibiti ya rasu. Bayan an share makoki Inna ta ɗauko wandonsa za ta wanke, ta ji wani abu a aljihu. Katin maganin ne, rabinsa cike. Kamar yadda iyayenmu mata suke yi da ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunan Bashir ba, yana raye ko bayan ransa. "Wancan yaron" take cewa, shi ma ba kasafai ba. Waɗanda suka zo garin daga baya ba su ma san ta taɓa haihuwar namiji ba.

Katin nan ta huda, ta zura a igiya, ta rataye a saman rumfa. Daga nan duk wanda ya shanye maganinsa, sai ta huda fankon ta jera a igiyar. Da shekaru suka ja, igiyar ta zagaye rumfar har ta ninka. In iska ta taso daga kogi sai ka ji katunan suna kacau-kacau a saman kanka, ban da na farkon, wanda nauyin ƙwayoyinsa ke hana shi motsi. Ni dai ban taɓa son zama a ƙarƙashinsa ba.

Mutanenmu na ƙauyuka su ne ciwon kanta: masu aikin shinkafa, masu haƙar yashi, masu tsaron shanu. Ba za su iya zuwa benci safe da yamma ba, sauro kuma a can ya fi yawa. Nan aikina ya shigo. In an gwada mutum ya koma ƙauye, ni ke bin sa da kunu a jarka da gargaɗin Inna, in kuma koma bayan kwana uku in karɓo fanko. Ba ta taɓa karɓar uzuri a wurina ba, ko da taya ce ta fashe.

Isuhu bai fi shekara da zuwa daga ƙauyensu na Arewa ba. Ranar da na kai masa magani na same shi kwance a bukka yana karkarwa. Ya sha na farko a gabana, sannan ya ce, "Malam Tukur, 'yata ma an ce jikinta da zafi a gida. In na ji sauƙi, ragowar ba za a ba direba ya kai mata ba?" Na yi masa faɗa, na ce maganin babba ba na yaro ba ne, a kai ta a gwada. Ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba. Da na faɗa wa Inna da yamma, ta daɗe tana juya ludayi a tukunya. "Gobe ka kai ni," ta ce. "Yaron nan sai an tsaya a kansa." Washegari da safe ta zauna tana ɓare gyaɗa, ta jingina da bango, shi ke nan.

Muka kai ta makwancinta bayan azahar. Kashegari na hau okada na nufi ƙauyen, na tarar kogi ya cika ya shanye hanya, ko masu kwalekwale sun ƙi shiga. Waya ba ta shiga can. Na juyo raina a jagule, ina ganin Isuhu zai bi sawun Bashir, ga shi mai tsawatarwar ta tafi. A kwanakin zaman makoki, a gaban rumfarta muka shimfiɗa tabarmi. Rana tsaka, ko ganye ba ya motsi, sai mu ji igiyar nan ta yi kacau-kacau ta yi shiru. Liman ya ce ƙadangaru ne. Mama Nkechi, maƙwabciyarta mai sayar da manja, ta ce da ni, "Tukur, abeg, don Allah ku sauke abin nan, tsoro yake ba ni." Ba wanda ya iya kai hannu.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a, sai ga Isuhu a bakin layi, ya rame, wandonsa duk taɓo, amma a kan ƙafafunsa yake. Ya durƙusa ya gai da dattawa, ya dubi taron da mamaki, ya zaro kati daga aljihu. Babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

"Ina Inna? Hannunta zan danƙa wa," ya ce.

Liman ya ce, "Isuhu, sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana bakwai."

Ya girgiza kai. "Allah gafarta Malam, ba dai Inna mai kunu ba. Ai ta zo. Na ji sauƙi na ƙulle ragowar a leda zan aika gida, sai na ɗaga kai na gan ta a ƙofar bukka cikin ruwan sama, ta miƙo hannu. Safe da yamma take zuwa, ba ta tafiya sai na haɗiye. Na yi ta mamakin inda ta bi ta ƙetare ruwan." Ya juyo wurina. "Sai dai ba ta kira ni da sunana ba. Cewa take, shanye, Bashir. Malam Tukur, wane ne Bashir?"

Rabi, da ke bayan labule tare da mata, ta fashe da kuka. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan yayanta a bakin mahaifiyarsu ba.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, na kuma san zazzaɓi na nuna wa mutum abin da babu. Na faɗa wa kaina wannan ya fi a ƙirga. Amma na bi duk wanda Isuhu ke hulɗa da shi na tambaya, ban samu wanda ya taɓa ambata masa sunan nan ba. Na bar wa Allah saninSa. A ranar sadakar nan muka kira gidansu aka kai 'yar tasa asibiti, Rabi kuma ta huda fankon Isuhu da hannunta ta rataye shi daf da na yayanta. Ta ci gaba da dama kunu, ni ma ban daina zuwa ƙauye ba.

Allah Ya jiƙan Inna Ladi, Ya yafe mata kura-kuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa kowane fanko da ke jikin igiyar nan ya zame mata nauyi a mizani. Allah Ya ba Rabi da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi, Ya raya su, Ya tsare mana 'yan'uwanmu da ke kwance a bukkokin bakin kogi. Ya Allah, Ka sada ta da Bashir a Aljanna, ta gan shi da lafiyarsa. Amin.