Zaɓen da muka yi da ƙwallon dabino

Shekarun baya, ina sayar da dabino a unguwar Shisha, can ƙasa mai tsarki, wani abokina ɗalibi ya kan zauna a shagona. Rannan ya ba ni labarin 'yan Furitan, wasu Kiristocin Ingila masu tsananin riƙo da addini. Ya ce sun ƙi yarda a naɗa musu limami daga sama, su da kansu suke zaɓa, kuma wannan yana cikin tushen zaɓen da duniya ke yi yau.

Abin ya shige ni. Mu 'yan kasuwa Hausawa wani dattijo ne shugabanmu, ba wanda ya zaɓe shi. Na tara mutane a gidana bayan la'asar, na ajiye kwano biyu, nawa da na dattijon. Kowa ya ci dabino ya jefa ƙwallon inda yake so. Ni mai wayo, na manta a ƙasar da nake: baƙo ba ya tara jama'a haka kawai.

Muna cikin yi aka buga ƙofa. Ɗan sanda ne. Takalman da suka cika matakala ne suka sa maƙwabci ya kira shi. Ya ce in miƙo iƙama, takardar zamana. Na miƙa masa. Kalmar zaɓe kawai zai ji, sai kora: shago, yara a makaranta, komai.

Dattijon nan da nake son turewa ya taso, ya yi masa Larabci, ya ce baƙi ne, dabino muke ci, bismillah. Ɗan sandan ya leƙa kwanukan ya daɗe, sannan ya miƙo min takardata ya tafi.

"Alhaji, ƙirga mana," in ji dattijon.

Na ce, "Baba, na janye."

Abokina ɗalibin nan, da yake wurin, ya raɗa min, "Ai su ma Furitan ɗin, da yawansu barin ƙasa suka yi saboda wannan."

Na ce, "Malam, da nan ya kamata ka fara labarin!"

Har yau ina ganin mutanen nan sun yi gaskiya a batun zaɓe. Amma ranar na auna kaina kamar yadda nake auna kaya: su sun yarda a kore su, ni ban yarda ba.