Maɓallin da Baba Ya Ƙi Dannawa

Asubar Asabar ɗin da ta wuce muka tashi daga Kaduna, ni da ƙanwata, muka nufi Kano. Ita jakar tsaraba ta ɗauko, ni kuwa kwamfutata da filas guda biyu sababbi, irin 'yan ƙananan nan na kwafe bayanan kwamfuta. A tashar Kawo kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na yi ƙorafi, ɗan kamasho ya ce in kai ƙarar fetur. Aka matse mu mu huɗu a baya, tare da wata baiwar Allah da ta rungume kwandon ƙwai, ta kuma gargaɗi direba tun kafin ya ta da mota.

Ga abin da ya fitar da ni. Aikina kula da kwamfutoci ne. Shekarun baya na haɗa wa mahaifinmu wata tsohuwar kwamfuta a gidanmu na Yakasai, na sa mata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke da damar leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta. Daɗinta, duk wanda ya gano ɓaraka a jikinta yana sanarwa a fili, a fitar da gyara. Rashin daɗin kuwa, ɓarayi ma sun iya karatu. Cikin makon da muka yi tafiyar aka sanar da wata ɓaraka babba, wadda mutum daga ko'ina zai iya bi ya shiga kwamfutar da ke kan intanet, ya kulle abin da ke ciki ko ya goge. A cikin ta Baba kuwa akwai muryar Innarmu, Allah ya ji ƙanta: hirarrakinta, da waƙoƙin Fillanci da take yi wa jikoki. Babu kwafinsu a ko'ina. Shekara uku da rasuwarta ban kwafa ba, ni da nake yi wa mutane faɗa a kan haka a ofis. Kunyar wannan ta raka ni har Kano.

Na kira Baba ranar Laraba na ce ƙofa ce a buɗe, ya danna maɓallin sabuntawa. Ya ce to. Washegari ya ce in kwantar da hankalina, ya yi maganin abin. Irin muryar da ya faɗa da ita ce ta sa na nemi mota.

Hanya ta yi kyau a wurare, a wurare kuma sai direba ya sauka gefen titi yana zaɓen ramin da ya fi sauƙi. A Zariya muka sayi ƙosai mai zafi da kunun tsamiya a leda. Yajin ya yi yawa, ƙanwata tana ci tana hawaye tana cewa a ƙaro. Daga Kwanar Dangora gonaki suka yi kore shar, dawa ta kai ƙirjin mutum. A Kura masu rake da tumatir suka yanyame motar. Mai ƙwai ta sauka a nan, ko ɗaya bai fashe ba, ta sa wa direba albarka kamar ba ita ta yi ta zaginsa ba tun daga Jaji.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka sauka a Na'ibawa, muka hau a-daidaita-sahu zuwa cikin gari. Inda lungu ya matse ya ajiye mu, muka ƙarasa a ƙafa. Duk zuwan da zan yi sai na tarar wani gidan ƙasa ya koma bene. Na maƙwabcinmu ma ya tafi, an sa tayil har bakin kwata. Namu yana nan da zaurensa mai sanyi, an yi masa yaɓe kafin damina, jikin bangon kala biyu.

Baba ya tarbe mu a zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, bai taɓa faɗin sunana ba. Aka kawo gurasa bandashe da fura mai kauri, ya hana ni maganar aiki sai da na ci. Daga nan ya ja ni har ƙofar ɗakin kwamfutar yana murmushi. Wani ƙaton kwaɗo na gani a jikin ƙofar, sabo fil, daga kasuwar Kurmi. Ya buɗe. Kwamfutar tana lulluɓe da zanin Inna, ɗan akwatin intanet kuwa yana gefe yana ƙyafta koren idonsa. Ƙanwata ta fita tsakar gida don ta yi dariyarta a sake. Ni na zare wayar intanet ɗin tukuna, sannan na yaba kwaɗon, don gaskiya mai kyau ne.

Da na kunna, sai ga saƙon da ke fitowa kullum, da maɓalli biyu: na sabuntawa da na jinkirtawa. Na duba tarihin na'urar. Tun watan da Inna ta rasu ba a sabunta komai ba. Kowace safiya in ya dawo masallaci sai ya danna na jinkirtawa, ya saurari muryarta, ya kashe. Raina ya ɗan ɓaci, ina da saurin hawa, na ce, "Haba Baba, dannawa ɗaya ce fa."

Ya nuna bangon maƙwabci da haɓa. "Uwata, shi ma cewa ya yi zai sabunta gidansa. Kin ga ko zauren an bari? Ni a iya sanina, in aka ce za a sabunta abu, tsohon ne zai tafi. Innarku kuwa a cikin tsohon take."

Ni ce na fassara masa kalmar Turancin da ke kan maɓallin da bakina, na ce sabuntawa, ranar da na haɗa kwamfutar, na kuma wuce ban ƙara komai ba. Shekara uku yana tsaron matarsa daga kalmata. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ce laifina ne, ban faɗa daidai ba. Na ce ba rushewa za a yi ba, yaɓe ne, irin wanda ya sa aka yi wa zaure: inda ya tsage kawai ake cikewa, ɗakin da kayan ciki ba mai taɓa su.

"To me ya hana ki ce yaɓe tun farko?" in ji shi.

Duk da haka bai yarda da baki kawai ba, ni ma ban so ya yarda ba. Na kwafe komai a filas biyun, na sa ɗaya a kwamfutata na kunna masa. Muryar Inna ta fito daga wata na'urar daban, tana yi wa wani jika faɗa ya zauna kafin ta fara waƙa. Baba ya karɓi ɗaya filas ɗin ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihun gaba ya dafe.

Bayan azahar na mayar da intanet, na haɗa kwamfutar da batirin sola saboda wutar unguwa ba ta da alƙawari. Na ce shi zai danna. Ya yi bisimilla ya danna. Aikin shekara uku ne ya taru, ga intanet ɗin yana tafiyar tsofaffi, har aka yi la'asar ba a gama ba. Bai tashi daga wurin ba sai da zai je masallaci, ya kuma bar ƙanwata ta yi gadi. Da na'urar ta mutu don ta sake tashi, allon ya yi baƙi, sai ya dafe aljihun da filas ɗin yake. Ni da na san haka take yi, sai da gabana ya faɗi. Ta dawo. Ya buɗe wurin da kansa, ya kunna waƙar da Inna take yi wa saniyarta ta ƙuruciya. Fillancina bai kai in gane rabi ba, amma na yi kuka, ƙanwata ma haka. Baba kuwa ya gyara hula ya ce a kawo shayi.

Lahadi da hantsi muka kamo hanya da kilishi da alkaki, da filas ɗaya a jakata. Mun shiga Kaduna kafin magariba, lafiya lau.

Abin da tafiyar ta koya mini ba na kwamfuta ba ne sosai. Ɓarakar an san ta, gyaranta kyauta ne, yana nan a ajiye. Abin da ban sani ba shi ne tsoron da ke cikin ran mahaifina, don ban taɓa tambaya ba, umarni kawai nake bayarwa ta waya. Masu irin aikina, in tsohonku ya ƙi danna wani abu, ku zauna ku ji dalili kafin ku ce taurin kai ne.

Jiya Talata da safe ina shirin fita ofis ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Uwata, saƙon nan ya sake fitowa. Na yi yaɓen da kaina." Na tambaye shi ko komai lafiya. Ya ce, "Lafiya lau. Tana nan."