Abin da Yatsun Mai Agogo Suka Faɗa

Mai Agogo ake ce masa a layin. Tun yana saurayi yake zaune a ɗan shagonsa, da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da matsefata. A da bakinsa ba ya rabuwa da sigari. Sai da tari ya kwantar da shi a asibiti, ya farka ya ga matarsa na kuka a bakin gado, sannan ya rantse ya bari. Ya kuwa bari. Shekaru suka shuɗe ko kwalin bai taɓa ba, kuma duk wanda ya kunna a ƙofarsa sai ya sha faɗa.

Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya riƙe ɗiyar ƙanwarsa, har ake ce mata 'Yar Kawu. A hannunsa ta tashi har ta shiga jami'a, tana karantar halayyar ɗan Adam.

Wata rana da hantsi ta shigo shagon da kwamfuta.

"Kawu, wasan saurin hannu na kawo maka. Hoto ko kalma za su fito, sai ka danna dama ko hagu."

Ya yi dariya ya ture agogon da ke gabansa. "Ni za a gwada wa sauri?"

Hoton sigari ya fito, na fure, kalmar daɗi, kalmar ɗoyi. Ya yi ta dannawa yana tsokanarta, ta yi godiya ta tafi.

Ashe ba wasa ba ne. Gwaji ne na aikin makarantarta, mai auna abin da zuciya ke so wanda mai ita ma bai sani ba. Duk sanda sigari ta haɗu da daɗi, yatsun Kawu sun fi sauri; in ta haɗu da ɗoyi, sai su ɗan yi jinkiri. Yarinyar ba ta gaya masa ba. Sai ta gaya wa uwarta, uwar kuma ta kai wa matarsa.

Daga nan gida ya canja. In ya cire riga sai matar ta shinshina wuyan. Ta laluba aljihu, ta ɗaga katifa. Ranar da ya kama ta tana zazzage jakar kayan aikinsa, ta ce, "Ai na'urar da ɗiyarka ta gwada ka da ita ba ta ƙarya. An ce har yanzu ranka na wurin sigari."

Ya dai kalli hannuwansa kamar na wani.

Da 'Yar Kawu ta ji, ta zo shago ta durƙusa.

"Kawu, gwajin bai ce kana sha ba. Tsoro na ji, kada ka koma."

"Da kin tambaye ni, ai da na gaya miki," in ji shi. "Kullum ina sonta. Kullum kuma ina hana kaina. Wannan ne kaɗai abin da na ɓoye a duniya, kika tono shi, kika ce min wasa ne."

Ta je ta yi wa matar bayani, amma shinshinar riga ba ta tsaya ba.

Bai koma wa sigari ba. Sai dai in yarinyar ta gaishe shi, yakan amsa kamar yadda yake amsa wa mai kawo gyara. Ranar da ta gama jami'a aka ajiye masa kujera a gaba. Ya aika da barka ta bakin ƙanwarsa, ya buɗe shago kamar kullum.