Adireshin Khaulat

Badaru ɗan unguwar New Bell ne, haifaffen Douala, ko da yake fataucin goro ne ya kawo kakansa daga Kano. Shi bai gaji goro ba. Kwamfuta ya karanta, ya samu aiki a wani kamfanin manyan motoci a unguwar Bassa.

Kamfanin yana hayar kwamfutoci a wata ƙasa mai nisa, abin da masu sana'ar ke kira girgije. A can ake lissafin hanya da man kowace mota. Duk aikin da ya gudana yakan bar rahoto: ya fara, ya gama, ko ya ci tura. Badaru ke tsara inda kowane rahoto zai nufa, na matsala ga ma'aikata, saura kuma ma'ajiya.

Khaulat ce ta koya masa, wata 'yar Garoua mai saurin baki, mai cakuɗa Hausa da Faransanci. Teburinsu ɗaya. In ruwa ya tsare su a ofis, sai su yi ta musu a kan ƙosai da wake har a ɗauke.

Da ta samu aiki a Kanada, ta ce, "Mutum biyu suke nema, Badaru. Ka zo mana."

Ya ce, "Baffana fa? Idonsa ya tafi. Wa zai riƙa kai shi masallaci?"

Ba ta sake tayar da zancen ba. Shi ma ya haɗiye abin da ke ransa.

Ta tafi, amma adireshinta na imel ya zauna cikin masu karɓar rahoton matsala, Badaru kuwa ya ƙi taɓa shi. Jefi-jefi sai saƙonta ya shigo: "Aikin Ngaoundéré ya tsaya, duba." Ya riga ya gyara, amma sai ya ce, "Merci, malama." Daga nan hira ta ɓarke, ta ba shi labarin sanyi, ta tambayi jikin Baffa.

Wata rana patron, wato mai kamfanin, ya gano. "Bayanan kamfani ba sa fita waje. Cire ta yau."

Gaskiyarsa ce. Badaru ya goge layin, ya sanar da ita.

"C'est normal, ai haka ya kamata," in ji ta.

Tun daga nan saƙo ya ja baya, sai barka da Sallah.

Bana ya ji za ta zo bikin ƙanwarta a Garoua, jirginta kuma a Douala zai sauka. Ya nemi hutun ranar, ya rubuta mata cewa zai zo tarbarta. Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna. Ya dai kai sabuwar shaddarsa wajen tela.